Kunyar Ɗan Fari a Bakin Tafkin Challawa

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, domin ni ne ɗansa na fari. A wajen mutanen garinsu, can cikin fadamun Jigawa, wannan ba abin tambaya ba ne. Uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya haɗa ido da shi, in ma zai aike shi sai ya bi ta bakin wani. Na tashi ina jin "ku gaya wa wancan ya kawo buta," alhali ina tsaye a gabansa, butar ma tana hannuna. Ƙanwata kuwa, autarmu, sunanta a bakinsa yake kwana yake tashi, har waƙa yake yi mata da shi. Ban taɓa jin haushi ba. Kowa ya san kunya ce, kuma yaron da ake jin kunyarsa ya san matsayinsa a gida.

Cirani ne ya kawo Baba Kano yana saurayi, da niyyar in ruwa ya sauka ya koma gona. Ya samu aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Ruwa ya sauka, ya ɗauke, ya sake sauka, bai koma ba. A nan ya yi aure, a nan aka haife mu. Warin majema ya zauna masa a jiki yadda ko ranar Sallah, cikin sabuwar shadda da turare, in ka matso kusa sai ka ji shi. Hannayensa sun yi baƙi sun tsattsage saboda ruwan maganin da ake jiƙa fatu.

A bayan kamfanonin, kafin ka gangara kogi, akwai wani tafki. Rami ne da aka haƙi jar ƙasa tun ana gina masana'antun, ruwan sama da na magudanai suka taru suka cika shi. Ba wurin shan iska ba ne. Gefe ɗaya ruwan baƙi ne yana kumfa, ledoji sun maƙale a jikin kacalla. Ɗaya gefen, inda masu lambu ke jan ruwa, shi ne mai ɗan dama-dama, akwai bado da kainuwa. Amma tsuntsu ba ruwansa da wari, da sanyi ya shigo sai wurin ya cika. Ranar da Baba ba shi da aiki yakan riƙo hannun ƙanwata su tafi can, ni kuma in bi su a baya. Ba a gayyace ni ba, ba a kuma kore ni ba.

Yakan tsuguna ya fuskanci ruwa ya fara magana. "Waccan kirinjijiya ce, mai farar fuska. In da nisa ba da launi ake gane ta ba, da tsayuwa ake gane ta, wuya a miƙe kamar an kira ta." Ƙanwata tana can tana jifan kwaɗi, ko a jikinta. Ni ne mai ji, shi ma ya san ni ne mai ji. Da ruwa yake magana, ni ina bayansa ina tsincewa. In aka cire wannan, ban san wata hira da muka taɓa yi da mahaifina ba.

Na girma na shiga kamfani ni ma, amma na guje wa fata, na samu na roba a Sharaɗa, inda muke buga bokitai da butoci. Na yi aure na zauna a Ɗorayi. Kamfanin su Baba ya yi ta rage mutane har aka rufe shi, lokacin shi ya riga ya ajiye aiki. Da mahaifiyarmu ta rasu sai na ɗauko shi ya dawo gidana. Ya so ya ƙi, don zama a gidan ɗan fari abu ne mai nauyi a wajensa, amma ƙanwata gidan miji take a Na'ibawa, kuma ba a kai uba gidan suruki.

Gigin tsufan a hankali ya shigo. Ya idar da salla ya sake ɗaura alwala ya maimaita ta. Ya ajiye takalminsa a cikin kwandon albasa. Ya tambayi ko mahaifiyarmu ta dawo daga unguwa. Daga nan ya fara ce wa matata "baiwar Allah," yana yi mata godiya kamar baƙon da ya sauka jiya. Rannan ƙanwata ta zo masa da fura mai yaji irin wadda yake so, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, sannan ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. Ta shiga kicin ta yi kuka mai isarta. Da ta fito, idanu jajur, ta ce da ni, "Yaya, kai dai ka ji daɗi. Kai bai manta ka ba. Dubi yadda yake kau da kai in ka shigo."

Wannan magana ta zauna a dangi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya tafi da ita, wai tsohon ya manta kowa sai ɗansa na fari. Ni kuwa ban sani ba. Mutumin da tun asali ba ya kallonka, ba ya kiran sunanka, ta ina za ka gane ranar da ya daina saninka? Ko likita bai iya raba gardamar ba. Da muka kai shi asibiti, likitan ya nuna ni da biro ya ce, "Baba, wannan wane ne?" Baba ya juya fuskarsa ga bango. Likitan ya sake tambaya, sai ƙanwata ta ce, "Likita, ɗan fari ne fa." Ya yi dariya ya ce, "To a bar shi, ni ma nawa uban haka yake," ya wuce tambaya ta gaba.

Ba zan ce abin ya hana ni barci ba. A wannan shekarar ba abin da ke hana ni barci, ba kuma abin da ke tashina. Tun da aka binne mahaifiyarmu na daina jin abubuwa. Inji ya rufe, inji ya buɗe, bokiti ya faɗo, in ɗauka in kankare bakinsa da wuƙa, in jera. In an sa mini abinci in ci, in an tambaye ni ko ya yi gishiri in ce ya yi. Matata takan ce in ban yi hankali ba wata rana ni ma za a jera ni cikin bokitan a loda a tirela. Tambayar nan dai tana nan, ba ta ciwo, amma ina jin ta kamar tsakuwa a cikin takalmi: shin Baba ya san ni ne ɗansa?

Da sanyi ya shigo sai ya tsiro da wani sabon abu. Ana idar da sallar asuba zai sa riga ya nufi ƙofa, wai jiniyar shiga aiki ta kusa, za a rufe masa ƙofar kamfani. Ranar da nake aikin kwana matata ce ke fama da shi ita kaɗai, ga shi ba ta iya riƙe suruki, sai dai ta tare ƙofa tana ba shi haƙuri. Da ta gaji ta ce da ni, "Malam, ka ɗauke shi ka kai shi ya ga wurin a rufe da idonsa, ko hankalinsa ya kwanta."

Washegari da na dawo daga aiki ban cire takalmi ba. Ta sa masa rigar sanyi da hula mai rufe kunne, na ɗora shi a babur. Ya ja da baya ya bar fili tsakaninmu, ya mayar da hannayensa baya ya kama ƙarfen bayan babur. Duk ramukan hanyar Challawa da tirelolinta, ko rigata bai taɓa ba. Na lura da wannan, na ajiye shi a raina a matsayin shaida.

Ƙofar kamfanin tana nan da ƙaton kwaɗo mai tsatsa, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, awakin maigadi suna kiwo a inda ake shanya fatu. Baba ya kalli wurin kamar yadda ake kallon katangar da ba a san mai ita ba. Ina shirin cewa mu koma sai wani garken tsuntsaye ya wuce ta samanmu yana fito, siririn fito mai hawa uku. Ya ɗaga kai ya ce, "Kirinjijiya." Ya juya ya bi ta jikin katanga, ta wata 'yar hanya da ni kaina na manta da ita, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba har bakin tafki.

Tafkin ya ƙara baƙi, kacalla ta cinye kusan rabinsa, amma tsuntsayen suna nan. Baba ba ya iya tsuguno yanzu, sai ya zauna a kan wani kwalbati, ya fuskanci ruwa. Na tsaya a bayansa.

"Ga dinya can, manyan nan baƙaƙe masu farin ciki. Ba a kama ta ta fiffike, ƙaya gare ta a gwiwar fiffiken, ta yaga wa mutum hannu." Ya bi wani abu da ido cikin kacalla. "Kazar ruwa. Goshi ja, tana tafiya tana ɗaga wutsiya kamar mai neman rigima." Wani tsuntsu mai baƙi da fari ya tashi daga lambu yana kwarmato, Baba ya yi tsaki. "Zakaran ƙeƙuwa, uban 'yan tsegumi. Shi ke tona wa maharbi asiri." Zalɓe yana tsaye a wani dungu ya noƙe wuya, shi bai ma samu darajar bayani ba, sunansa kawai aka faɗa aka wuce.

Can tsakiya akwai wasu ƙananan agwagi masu ruwan ƙasa, sun yi yawa har ruwan ya yi duhu. "Waɗancan 'yan cirani ne," in ji shi. "Ba sa ƙwai a nan. Sanyi ke kawo su, zafi ya kore su. Namijin ne mai farar gira. Macen ba ta da alama, sai ka ga wanda take bi ka gane ta." A cikinsu akwai wasu masu dogon wuya da siririyar wutsiya a miƙe, su ma ya ce 'yan cirani ne, amma ba garinsu ɗaya da masu gira ba. Wannan mutumin ne fa da in ka tambaye shi ko ya karya kumallo ba zai iya gaya maka ba.

Tun daga ranar zuwa tafkin ya zame mana aiki. In na sauka daga aikin kwana, ko ranar hutu, sai Challawa. Rigimar ƙofa ta ragu. Shi yana magana da ruwa, ni ina baya, kamar da. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba, ina dai tsaye da hannu a aljihu ina jin sunaye. Amma duk ranar da muka dawo bai waiwayo ya kalle ni ba, sai in ce a raina yau ma ya san ni.

Akwai wani mai gyaran wuta a kamfaninmu, mutumin Filato, Kirista, wanda muke shan shayi tare in an tashi. Na ba shi labarin tafkin ne don in cike shiru, ashe shi ma mai son tsuntsaye ne tun yana gida, har yana da wani tsohon madubin hangen nesa da aka ɗaure igiyarsa da waya. Wata Asabar ya biyo mu. Yana durƙusawa ya gaishe da Baba, sai na ga fuskar Baba ta buɗe. Ya kama hannunsa ya riƙe, ya kalle shi ido cikin ido, ya tambaye shi garinsu. Da ya ji Filato sai ya ce, "Mutumin dutse, me ka sani a ruwa?" Abokina ya ce, "Baba, shi ya sa na zo makaranta." Suka yi ta dariya. Ina gefe ina kallo. Haka Baba yake da baƙi tun asali, mutum ne mai hira da barkwanci, ni kaɗai ne ba na samu. Na ƙara wannan a cikin shaiduna: ga yadda yake yi wa wanda bai sani ba, ni kuwa ba ya yi mini haka.

A ranar ne muka ga wasu fararen tsuntsaye. 'Yan kaɗan ne, sun ware daga agwagin. Ba sa nutsewa cikin ruwa kamar agwagwa, a sama-sama suke zaune kamar an ɗora ƙwarya. Bayansu toka-toka, baki ja siriri, ga wani baƙin ɗigo a bayan ido. Ɗaya ya tashi, fiffikensa dogo mai tsini, ya yi shawagi ya sauko ya tsinci wani abu a kan ruwa ba tare da ya jiƙa ƙirji ba. Baba ya daɗe yana kallo.

"Wannan ban san shi ba," ya ce.

Abokina ya sa madubinsa ya duba, ya ce tsuntsun teku ne, ya taɓa ganin irinsu a Legas suna bin jiragen masunta, kuma daga ƙasashen sanyi masu nisa suke zuwa. Ya lalubo hoton a wayarsa ya karanta mana sunan da Turanci, sunan ya shiga ta kunnen nan ya fita ta wancan. Ya miƙa wa Baba madubin. Baba ya kara a ido, ya juya shi, ya mayar masa, ya ce abin yana kawo tsuntsu amma yana ɗauke ruwan, shi kuwa ba ya gane tsuntsu in ba ruwa a kewaye da shi. Ni abin da nake tunani daban ne. Bai taɓa saninsa ba ne, ko mantawa ya yi? Na laluba ƙuruciyata ban tuna farin tsuntsu irin wannan ba, amma ba zan iya rantsuwa ba.

Baba ya sa masa suna "baƙon nan." Kullum muka zo shi yake fara nema, in ya hango shi sai ya ce, "Sannu da zuwa," da irin muryar da ya yi wa mutumin Filato.

Sanyi yana ja, sunayen suna zubewa. Wata safiya dinya ta sauka kusa da mu, ya nuna ta da haɓa ya ce, "Babbar nan, mai ƙaya," ya tsaya, bakinsa yana motsi ba abin da ke fita. Na jira. Da na ga abin ya ƙi, sai na fuskanci ruwa ni ma na ce, "Dinya." Bai waiwayo ba, ya gyaɗa kai kawai ya ce, "Dinya." Daga baya kazar ruwa ta bi, sannan zalɓe. Na riƙa faɗa wa ruwa, shi yana tsincewa. Kirinjijiya ce kaɗai ba ta taɓa kuɓuce masa ba, da ya ji fiton sai sunan ya fito da kansa.

Ranar da nake son ba da labarinta ta zo ne wajen ƙarshen sanyi. 'Yan ciranin sun fara raguwa, rana tana fitowa da ɗan zafi. Na sauka daga aikin kwana, ƙafafuna sun gaji, sai na yi abin da ban saba ba, na zauna a ƙarshen kwalbatin maimakon tsayuwa. Akwai fili tsakaninmu. Fararen nan saura biyu, kuma kan ɗayansu ya fara yin duhu, ɗigon bayan idon ya bazu ya kusa rufe fuskar. Mai duhun kan ya taso ya zo dab da mu, ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, ya sunkuya ya fizgi wani abu ƙarƙashin hancin kazar ruwa. Kazar ta bi shi da gudu a kan bado tana masifa.

Baba ya yi dariya, ya miƙo hannu ya dafa gwiwata.

Na kalli hannun. Baƙi, a tsattsage, mara nauyi. Kafin in ɗago ya juyo gaba ɗaya ya kalle ni a fuska. Ban taɓa ganin idanun mahaifina daga kusa haka ba, ban san akwai wani farin zobe da ya kewaye baƙin ba. Ya laluba aljihu ya ciro goro, ya ɓare, ya miƙo mini rabi.

"Bawan Allah, kai ma kallon tsuntsaye ka zo?"

Na karɓi goron na ce, "E, Baba."

"Daga ina?"

"Daga Ɗorayi."

"Ai ina da ɗa a can," ya ce. Ya duba dama, ya duba hagu. Ba kowa sai wani mai lambu can nesa yana fama da injin ban-ruwa. Ya matso, ya rage murya, ya faɗi sunana. Cikakke ya faɗe shi, da irin jan da mutanen garinsu ke yi wa ƙarshen suna.

"Shi ne babba," ya ce. "Ba ya magana, ni ya ɗauko. Amma kunne gare shi. Nan nake kawo su suna yara. Ƙaramar ba ta ji, sai wasa. Shi yana bayana, duk abin da na faɗa ya kwashe. Taurin kai kuwa kamar na uwarsa, na so ya yi karatu ya ƙi, wai shi inji." Ya tauna goronsa, ya tofar. "Ranar sunansa, da liman ya raɗa, aka yi ta yi mini barka, ni ina ta gyaran tabarmi kamar ba ni aka haifa wa ba. Da mutane suka watse na sulale na zo nan. Can na zauna, inda injin nan yake. Na faɗa wa ruwa sunan, don in ji yadda yake a bakina. Shi ke nan, ban ƙara ba."

Na kai goron baki. Farin tsuntsun ya koma wajen ɗan'uwansa ya sauka.

"Ka san shi? A kamfanin roba yake, a Sharaɗa."

"Na san shi."

"Yana lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

"Ya daɗe bai zo ba," ya ce, ba da ƙorafi ba. "Aiki ne. Aikin kamfani ba ya barin mutum." Ya sake dafa gwiwata. "In ka gan shi kada ka ce na ambace shi. Ba kyau."

Na ce, "Ba zan faɗa ba, Baba."

Na zauna ina jiran in ji wani abu. Na ji ɗacin goro, na ji sanyin siminti ta cikin wando, na ji warin ruwan. Tambayar da na yi wata da watanni ina ɗauke da ita ta samu amsa, mahaifina bai san ni ba. Na faɗa wa kaina haka a fili cikin raina, har sau biyu, ko zai yi ciwo, bai yi ba. In ma akwai abin da na ji, to kwaɗayi ne. Na so ya sake faɗin sunan. Na yi ta neman tambayar da baƙo zai yi wadda za ta sa ya maimaita, ban samu ba, shi kuma ya koma kallon ruwa. Kirinjijiya suka wuce suna fito, ya faɗi sunansu.

Da rana ta ɗaga na ce mu tafi, ya tashi ba gardama. Ya hau babur ya matso har ƙirjinsa ya taɓa bayana, ya zagaye ni da hannayensa biyu ya riƙe gam. Hanya duk hira yake yi mini a kunne, yana nuna inda da gonar rake ce, inda ake sayar da ɗanwake mai kyau, inda wata tirela ta taɓa faɗuwa da fatu. Iska tana kwashe rabin maganar. Ina ta cewa "haka ne, Baba," ina kauce wa ramuka.

Matata ce ta buɗe mana ƙofa. Idonta ya sauka a kan hannayen da ke riƙe da cikina, ta daɗe a nan, sannan ta ɗago ta kalle ni. Ta yi salati a hankali, ta ja ƙofar ta ƙara buɗewa.

Na taimaka masa ya sauka. Ya gyara hularsa, ya kalli gidan, ya kalle ni, ya riƙe mini hannu.

"Allah ya yi maka albarka, bawan Allah. Shigo mana. Gidan ɗana ne. Ba ya nan, amma ba ka tafi ba ka sha ruwa ba." Ya juya ga matata. "Baiwar Allah, a kawo wa baƙo ruwa."

Na cire takalmina a bakin zaure, na zauna a tabarmar da muke shimfiɗa wa baƙi. Ta kawo ruwan a kofin tangaran ɗin da ba ma sha da shi, ta durƙusa ta ajiye. Na ɗauka na sha. Baba yana zaune kusa da ni, gwiwarsa tana taɓa tawa, yana riƙe da hannuna, yana tambayata ko ina da iyali.

Sai ƙarar wani babur ta shigo layin. Baba ya katse maganarsa, ya saki hannuna, ya gyara zama. "Ga shi nan," ya ce da ni a hankali. "Ka tuna abin da na ce maka." Ya juya fuskarsa ga bango.

Babur ɗin ya wuce ƙofarmu, ƙararsa ta yi nisa har ta ɓace. Baba bai juyo ba. Na zauna da kofin a hannu, muna jira.